Shayin Ministan Ruwa

Duk tsaunukan Atlas babu masani kamar Si Bu'azza. Wata takwas ya yi a Kasabalanka yana gadin wani otal, ya dawo mana da baƙin tabarau da ilimin komai. Mu a ƙauye Ministan Ruwa muke ce masa, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka muƙami ne, har amsawa yake.

Ranar Asabar Alhaji Dris ya hawo daga birnin Fas. Shi ne mai motocin da ke kawo 'yan yawon buɗe ido, kuma yana neman mutum ɗaya da zai riƙa zagayawa da baƙinsa a maɓuɓɓugarmu. Minista ya kwana bakwai yana gugar kwat saboda wannan aiki.

Ya ja Alhaji cikin kurmi, ƙarƙashin dutsen da ruwa ke ɓulɓulowa ta ramuka sama da ashirin. Birai na kallo daga rassa.

"Alhaji, ruwan nan shekara dubu yake tafiya a cikin dutse kafin ya fito ya gaishe ni. Kowane rami na san shi kamar aljihuna."

Suka zauna a rumfar Itto, tsohuwar da ke dafa wa baƙi abinci a bakin ruwa. Ta ɗauki buta za ta ɗebo ruwan shayi, Minista ya fizge. Babban baƙo, ai sai babban hannu. Ya wuce ramin da kowa ke ɗiba, don akwai gansakuka da sawun dabbobi. Ya zaɓi wani can gefe, garau kamar madubi, bakinsa fari fat.

"Kai ɗan Haddu," in ji Itto ga Minista, "ba nan ba."

"Inna, ki tsaya a kan tukunyarki. Wannan harkar ta 'yan boko ce."

Ta tsaya a kan tukunyarta.

Ya zuba ganye da na'a-na'a, ya ɗaga buta sama har kumfa ta tashi. A wurinmu mai haɗa shayi shi ke fara ɗanɗanawa. Ya kurɓa. Tabarau ya zame masa zuwa kan hanci. Ko yaron goye a nan ya san wasu ramukan ta cikin gishiri suke biyowa, farin bakin nan kuwa ba ado ba ne.

Da wani ne, da ya zubar ya nemi gafara. Minista ya haɗiye, ya ƙara sukari. Ya sake kurɓa, ya ƙara sukari. Sai da ya gama da sukarin Itto kaf.

"Bismilla, Alhaji. Irin wannan ɗanɗano Turawa ke hawa jirgi su zo nema."

Alhaji mutum ne mai kunya. Ya shanye kofin, idonsa na hawaye. Minista ya cika masa na biyu.

Ana haka sai ga Assu mai itace ya gangaro da alfadarinsa. Dabbar ta sunsuna ramin Minista, ta yi atishawa, ta juya ta tafi ramin nan mai gansakuka ta kafa kai.

Alhaji ya daɗe yana kallon alfadarin. Ya ajiye kofi a hankali.

"Hajiya, wannan alfadarin ɗan garin nan ne?"

"Nan aka haife shi," in ji Itto. "Bai taɓa zuwa Kasabalanka ba."

Yanzu Assu ne ke zagayawa da baƙi, alfadari a gaba. Minista kuwa ya shaida mana cewa shi ya ƙi aikin, don bai saba aiki a ƙarƙashin dabba ba.