Ranar da Zakka ta zama garuruwa biyar

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Safana ba, ranar da na tsaya gaban dattawa ina kare garuruwan da babu su.

Ƙungiyar makiyaya ta yankinmu ce ta ba ni aikin haɗa shafin yanar gizo na rigakafin shanu. Aikin ba wuya: sunan kowane malamin dabbobi, sai jerin garuruwan da zai zagaya a ƙarƙashinsa. Da wannan jerin ake raba magani, shi kuwa maganin ba ya jure zafi, in aka kai shi inda bai dace ba ya lalace. Na yi samfurin shafin a ɗakina a Batsari, na rubuta masa umarni: karɓi jeri, ka jero abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Na gwada da malamai uku masu garuruwa da yawa, komai ya fito tsaf. (A ranar har tafiyata ta canza.)

Hajiya Binta, mai shigar da bayanai, ta kira ni ana saura kwana biyu a yi taron nuna wa dattawa shafin. "Injiniya, akwai abin da nake gani a wajen masu gari ɗaya." Na ce mata matsalar wayarta ce. Ban ko tambaye ta abin da ta gani ba.

Ranar taro aka kunna majigi. Shugaban ƙungiya, Alhaji Lawal, ya ce a nuna masa na Malam Sada, wanda garin Zakka kaɗai aka ba shi. Na danna. Allo ya ce garuruwa biyar: Z, a, k, k, a. Kowanne da layinsa, kowanne da kason maganinsa.

Alhaji ya gyara tabarau. "Ɗana, wane gari ne K? Na ga har biyu ne."

Maimakon in ce ban sani ba, sai bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, taƙaitawa ce irin ta kwamfuta."

"To, nuna mana na wanda aka ba garin Babban Duhu."

Layi goma sha ɗaya suka sauko. Na bakwai babu komai a ciki, fili ne kawai, shi ma da kasonsa. Wani dattijo daga Ruma ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya a hankali, "Wannan marar suna, ko na mutanen da suka tashi ne?" Da gaske yake. Ba wanda ya yi dariya.

Hajiya Binta ce ta matso kusa da ni. "In gari biyu ne, fom ɗin da nake cikawa yana turo jeri. In ɗaya ne, kalmar yake turowa tsurarta. Abin da na so faɗa maka ke nan."

Ikon Allah, duk da kunyar sai sha'awa ta kama ni. Ashe samfurin bai yi ƙarya ba. Na ce ya jero abin da ke ciki, aka miƙa masa kalma, ya duba cikinta ya tarar da haruffa, ya jero su. Filin nan ma tazarar da ke tsakanin Babban da Duhu ce. Na ƙara layi biyu a umarnin: duk abin da ya zo, ko gari ɗaya ne, a sa shi cikin jeri kafin ya isa shafi. Zakka ta koma gari guda.

Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, ba taƙaitawa ba ce. Kuskurena ne."

"Mun sani," in ji Alhaji. "Jira muke mu ga yaushe za ka sani."

Tun daga ranar, kowane jeri sai na gwada shi da abu ɗaya, da kuma babu komai. In Hajiya Binta ta kira kuwa, kafin mu gama gaisawa na riga na ɗauko biro.