Makkar Inna a Aljihun Kwat

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, da ranar da na kai Inna Makka da fatar baki.

Gwanjo nake sayarwa a kasuwar Mokolo, kuma kowane ɗan gwanjo ya san ƙa'ida: in ka fasa dila, laluben aljihu ne farko. Wani ya taɓa tsintar dala, wani agogo. Ni kuwa a aljihun wata kwat na ci karo da tsofaffin katuna ɗaure da roba, kowanne da hoton ƙato riƙe da kulki. Wai besbol, wasan Amurkawa. Na duba waya, sai ga labarin wani katin besbol da aka sayar a kuɗin da zai sayi layinmu na unguwar Briqueterie har da masu suyar bakin titi. (Ban karanta sauran ba. Nan Turancina ya ƙare, haɗama ta karɓi tuƙi.)

Ina isa gida na durƙusa gaban mahaifiyata na ce, "Inna, bana za ki sauke farali." Baiwar Allah ta yi kuka, ta sa mini albarka. Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Ekoudou. Mata suka fara ce mata Hajiya, ita kuma ta shiga bin gida-gida neman yafiya, har gidan maƙwabciyar da suka daɗe ba sa ga-maciji.

Da na kira Sabi'u, ɗan kawuna da ke tuƙin tasi a Amurka, don ya nemo mai saye, ban kira shi a ɓoye ba. Ina! Tara mutane na yi a tsakar gida, na zuba babbar riga, na kunna bidiyo, ina ɗaga katunan da hankici kada yatsana ya rage musu daraja.

Ya ƙura ido, sannan ya fashe da dariya har wayarsa ta faɗi.

"Yaya, irin waɗannan ai buhu-buhu aka buga su. A nan kwali guda kuɗin kofin shayi ne. Mai tsadar da ka gani ba ya kwana a aljihun kwat."

Na ce, "Réseau ne ba kyau," wato na ɗora wa sabis laifi, na kashe wayar. Kowa ya ji shi tangaram. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Hannu kawai ta miƙo na ba ta katunan. Yaji take ƙullawa tana sayarwa, kuma har yau da su take ɗiba. Ta ce a cikin ƙattin da ke jikin katunan, wani mai gashin baki ya fi kowa iya aiki.

Tun daga ranar nake karanta labari har ƙarshe kafin in buɗe baki, kujerarta ta Makka kuwa adashe na shiga dominta. Sunan dai ya bi ta. Duk wanda ya leƙo ya ce, "Hajiya, a ba ni yaji," sai ta amsa a hankali, idonta a kaina.