Lodin da Na Yi wa Kwamfutar Surukina

Lokacin da kwamfuta ta fara shigo mana Zuru, na zauna a shagon surukina ina kallon ikon Allah. Tana kwafar bidiyon wani biki a faifai, waƙa na tashi, shi kuma yana gyara hoto.

Na ce, "Duk a lokaci guda?"

Ya ce, "Amfaninta ke nan, Baba. Ba ta jiran wani aiki ya ƙare."

Da ya fita duba janareto, sai na so in ga iyakar ƙarfinta. Na kama linzamin, duk abin da na gani a allon na danna, ina gyaɗa kai kamar gwani. Can ta sandare, ta tofo faifan a lalace. Shi ne na ƙarshe a shagon, ga dangin amarya a ƙofa suna jira su tafi da shi Mahuta.

Kunya ta hana yaron faɗa. Ya dubi allon, ya dubi ƙasa, ya ce, "Baba, sannu da aiki."

Har yau in babur ya wuce da buhunan dawa, da akuya, da fasinja a bisa, sai matata ta taɓa ni: "Malam, ga kwamfutarka can za ta Ribah."