Tumatur Ɗin da Na Rantse Ban Yi wa Feshi Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da tumatur ɗin bayan gidana ya tona min asiri.

Daga ofis aka tura mu bitar kwana biyu kan noma ba tare da maganin ƙwari ba. Na dawo unguwarmu Mando na zama malamar gona. Duk matar da na kama a layinmu sai ta sha wa'azi: maganin feshi guba ne, yana kashe ƙudan zuma, yana gajiyar da ƙasa, ganyen dogon yaro kawai za a jiƙa a yayyafa. (Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba.) Na yi ɗan lambu, tumatur ya fara nuna, na gayyaci matan layi su zo su gani da idonsu.

Sai tsutsa ta sauka. Na yayyafa dogon yaro, na barbaɗa toka, ita kuwa sai ƙiba take yi. Ranar Alhamis na saci jiki zuwa Rafin Guza, inda ba a san ni ba, na sayo maganin feshi. Mai shagon ya ja min kunne kada kowa ya ci tumatur ɗin sai an kwana da yawa da yin feshi. Washegari na feshe lambun tas.

Ranar Asabar mata suka cika bayan gida, ina ta zuba bayani har da nuni da hannu. Sai na ga maƙwabciyata Maman Grace, mai cikin wata bakwai, ta tsinki jan tumatur tana gogewa a zaninta.

"Hajiya, tunda ba magani, bari in ɗanɗana. Kwanan nan ɗanyen tumatur nake kwaɗayi."

Ban hana ta nan take ba, kuma wannan jinkirin har yau kunyarsa nake ji. Ta kai shi baki, na cafke hannunta.

"Kada ki ci. Jiya na yi feshi."

"Na dogon yaro?"

"Na shago."

Maman Grace ta saka min tumatur ɗin a hannu, ta ce, "To malama, a ci gaba da karatu." Dariya ta ɓarke, wata har da zama a kan bokiti.

Har yanzu ina jiƙa dogon yaro, wani lokaci ma yana aiki. Amma na daina koyar da abin da ban yi damina ɗaya ina gwadawa ba. Maman Grace ta haihu lafiya, kuma ko kunu na aika mata sai ta aiko a tambaye ni yaushe na yi feshi.