Ruwan Saman Da Ya Cinye Daɓe

"Ah, maigidana, an tashi lafiya? Har yanzu ana fama da gawar?"

Maƙwabciyata Herminia ke nan, mun dawo daga coci ranar Lahadi, take tsokanar jikanta Ezequiel. Gawar kuwa tsohon ɗakin tafi-da-gidanka ne da marigayi mijinta kan ja da mota zuwa bakin teku a garin Necochea. Katakon daɓensa ya ruɓe, jikinsa ya koɗe kamar alli. Ɗanta ya ce in bai gyaru kafin hutun Janairu ba, 'yan gwangwan zai kira.

"Gawa ta tashi, tsohuwa. Zo ki duba fuskarki a jikinsa, amma a hankali, kada ki tsorata."

"Rufe min baki! Wannan fuskar ce ta hana kakanka cin abinci."

"Girkinki dai ya hana shi."

"Ja'iri! Me ka shafa masa yake sheƙi haka?"

"Samfefa mai laushi da ruwa, sannan man gogewa. Dubi hannuna, har ya yi kanta."

"Hannun da bai san komai ba sai riƙe ƙoƙon shayin mate?"

Ta hau ciki, ta buga ƙafa inda daɓen yake lotsawa a da. Ko motsi. Ta shafa bango, ta ɗan jima ba ta juyo ba. Sai ta shige gida, ta fito da bokiti cike da ruwa.

"Kaka, ina za ki da wannan?"

"Garin katako ka bari ko'ina. Kwarawa zan yi in bi da tsintsiya, kamar ƙofar gidana. Haka nake masa duk Asabar."

"Duk Asabar! Wayyo Allah! Na bi rufin nan lungu-lungu ina neman yoyo, ban samu ba. Ashe ruwan saman da ya cinye katakon siket yake sawa!"

"Tsaftar ce laifi?"

"A siminti tsafta ce, a katako kisan kai ne."

Ya kwanta ya tare ƙofar. "Sai dai ki kwara a kaina."

Ta dubi sabon daɓen, ta dube ni. Ni dai na duƙar da kai. Sai ta sheƙa masa ruwan a ƙafa, ta kwashe da dariya.

"Dama kai ka fi buƙatar wanka. Na sallama, ɗan nema. Tashi ka kawo tsumma, a matse shi sosai. Gadon kakanka na jikin taga kuma naka ne in mun je Necochea."