Yadda Na Kayar da Kawu a Hamdara

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hamdara ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna sai na ji wani ya ce ga gwanin ordinater nan ya iso, a kwashe tsofaffi.

Lokacin ina karatu a Zinder na samu wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, na sauke manhajar nan ta kyauta da ake ƙera mutum ko gida a cikinta, a juya shi ta kowane gefe kamar an sassaƙa. Bidiyo kaɗan na kalla a intanet, sai kaina ya kumbura. Na shiga gaya wa mutane wasa nake haɗawa irin wanda ake bugawa a waya, amma na kokowa, namu na gida. (Abin da na iya ƙerawa a lokacin bai wuce tulu ba, shi ma wuyansa a karkace.)

Kawuna, yayan Inna, ɗan kokowa ne a zamaninsa. Daga Hamdara har Dogo, duk wanda ya manyanta zai gaya maka bayan Kawu bai taɓa shan ƙasa a fage ba. Bai tara komai a duniya ba, gonar gero ce kawai da wannan suna. Sai ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin jiki. Tun daga nan ya hana a fito da shi, ya hana baƙi shiga ɗakinsa, ya ce babu mai ganinsa a kwance. Masu dubiya daga bakin ƙofa suke gaisuwa su juya.

Ni da bakina na je na ce masa zan sake tsayar da shi a fage ranar auren ɗansa, gari duka ya gani. Na yi watanni ina fama, na ƙera shi da walkinsa da layunsa, har tabon da ke goshinsa na sa. Da na nuna masa, ya daɗe yana kallon kansa a tsaye, sannan ya ce damtsen ya yi ƙanƙanta. Na ƙara masa. A ranar ya yarda a fito da shi cikin mutane. Inna ta yi ta sa min albarka har na fara jin kaina wani abu.

To, ga inda jahilcina yake. Manhajar da ake ƙera mutum daban, wadda ake haɗa wasan a ciki daban, sai ka ɗauko daga wannan ka kai waccan. Ni kuwa duk gwajin da na yi na wasan, da wani akwati na yi shi a madadin Kawu, don ordinater tawa ba ta ɗaukar nauyi. Akwatin ya yi tafiya, ya yi juyi, komai lafiya. Ashe abin da manhajar farko take kira sama, ta biyun gaba take kiransa. Akwati kuwa ko ka tsayar da shi ko ka kwantar, akwati ne, ba zai faɗa maka ba.

Ranar tafiya bikin aka ɗauke wuta, batir ya kusa ƙarewa. Na cire akwatin, na sa Kawu a wurinsa, na rufe na nufi tasha. Zan iya cewa wuta ce ta hana ni dubawa, amma ƙarya ne. Ban ga abin dubawa ba, ai ni gwani ne.

Bayan magariba aka kafa farin zanen gado a bango, aka tada injin wuta, na jona majigin da na aro. Aka ɗauko Kawu cikin sabuwar riga, aka zaunar da shi a kujera, aka tokare shi da matasai. Mutane suka yi ta zuwa suna kama hannunsa mai lafiya. Tsohon makaɗinsa ya rataya ganga. Har wasu tsofaffin abokan karawarsa sun zo daga Dogo. Ni kuma na tashi na yi jawabi (wallahi jawabi na yi, har da maganar makomar matasan Damagaram), sannan na danna.

Fage ya fito, da yashi, da abokin karawa a tsaye. Makaɗi ya ɗauki kirari. Ga Kawu kuwa a tsakiyar fage, kwance rigingine, fuska sama.

Na danna ya yi gaba, sai ƙafafunsa suka shiga tafiya a iska, bayansa na jan yashi. Na danna hagu, ya zagaye fagen a kwance kamar kunkurun da aka kifar. Abokin karawar yana tsaye a kansa, bai ma taɓa shi ba. Yara suka fashe da dariya, wani ya yi ihun kaye, mata suka rufe baki da mayafi. Ganga ta mutu a tsakiyar kirari. Na yi ta danne-danne, kuma duk abin da na danna sai ya ƙara birgima. Wani tsoho daga Dogo ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, “To, Allah ya nuna mana dai.”

Kawu bai dube ni ba. Da bakinsa da ya karkace ya ce a mai da shi ɗaki.

Na bi shi na durƙusa, na fara bayanin sama da gaba, ina cewa laifin manhaja ne, abin gyarawa ne nan da nan. Ya bar ni na gama tas.

“Wa ya kayar da ni a ciki?”

“Babu kowa, Kawu.”

“Ciwo ya kwantar da ni a ɗaki, ba wanda ya gani,” ya ce. “Kai ka kwantar da ni a fage.”

Abin da ya fi ci min rai, da na koma Zinder na bincika, ɗan wuri ɗaya ne zan danna kafin in ɗauko shi. Na danna, ya miƙe tsaf. Na koma Hamdara da gudu in nuna masa, ya ce in nuna wa yara, su ne masu son dariya. Bai sake fitowa cikin mutane ba har ya rasu. Inna ta yafe min da baki, amma ba ta ƙara tambayata aikin ordinater ba.

Yanzu ƴan makaranta kan zo su tambaye ni ko manhajar kyauta ta dace da mai koyon haɗa wasa. Nakan ce ta dace ƙwarai, ba ta da wani aibi, kuma duk mai koyo sai ya kwantar da wani abu kafin ya iya tsayar da shi. Ku fara da tulu, ku yi turmi, ku yi jaki in kuna so. Abin da za ku ɓata garin koyo dai ku tabbata naku ne. Ni da mutuncin wani na koya, kuma mai shi bai da wani.