Girgiza Kai a Hawa na Bakwai

Jama'a, ku taya ni murna, an sake korata. Yau da hantsi na sauko daga hawa na bakwai rungume da kwali, cikinsa kofin shayina da cajar waya da wata 'yar shuka wadda ba tawa ba ce, amma babu wanda ya hana ni ɗauka. Wannan ne aikina na tara tun da na bar makaranta a aji goma. Na wanke motoci, na gasa nama a bakin teku a Varna, na tsinki 'ya'yan itace a gonar wani mutum a Ingila, na raba takardun talla har ƙafata ta san kowane lungu na Sofiya, babban birnin ƙasarmu Bulgeriya. Amma ban taɓa rasa aiki ta hanyar da na rasa wannan ba.

Ina isowa ƙofar gidanmu na tarar da maƙwabciyarmu Inna Tsonka a kan bencinta, tana ɓare barkono gasasshe a cikin roba.

"Radko, me ke cikin kwalin nan?"

"Ƙarin girma ne, Inna."

"To, madalla. Na bara ma a kwali ya zo."

Bari in koma baya, don ku san yadda aka yi. Wata goma sha ɗaya ina masinja a wani katafaren ofishin lauyoyi da ke tsakiyar gari, wanda uwar ofishinsa ke Landan. Aikina keke da ambulan. A farkon bazara takarda ta iso daga can, wai dole a tabbatar babu bautar zamani a cikin ofis, kuma babu ita wurin duk wanda ke kawo mana kaya ko yi mana aiki, da wanda ke kawo wa wannan, da wanda ke kawo wa wancan, har zuwa ƙarshen duniya. Abu mai kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Nan take aka kafa kwamiti. Aka naɗa Mai Girma Shugaban Kwamitin Yaƙi da Bauta, aka ba shi mataimaki, aka ba mataimakin sakatariya. Aka buga ƙyalle mai hoton sarƙa a tsinke, aka rataye shi daidai inda baƙi ke zama.

Daga nan aka fito da takardar tambayoyi arba'in da shida, ni kuma aka ɗora mini rabo. Na kai wa mai kawo mana takardar rubutu, na kai wa mai gyaran lifta, na kai wa matar da ke kawo banitsa mai zafi, wato gashin fulawa da cuku, duk ranar Juma'a. Ta sa tabarau, ta karanta da yatsa, ta ɗago.

"Ɗan nan, sun ce ko ina tilasta wa wani aiki ba da son ransa ba. Har da mijina?"

Kada in rage wa kwamiti ƙoƙarinsa. Gahawar da muke sha sun bi sawunta har kan wani tsauni a ƙetaren teku, sun samo hoton manomin yana murmushi, sun sa masa gilashi sun kafa a kicin. Abin da bai faɗo wa kowa a rai ba shi ne ya tambayi wace ce ke goge ƙurar gilashin hoton kowace safiya. Kamfanin da ke turo mana masu shara ya cika takardarsa cikin minti huɗu a gabana, ya danna mata hatimi mai faɗin tafin hannu. Ku kun san mu da hatimi. In dai ya fito shar, ko cewa aka yi dusar ƙanƙara baƙa ce, magana ta ƙare. Shi ma Mai Girma Sufeton hukuma, wannan bawan Allah mai ladabi da ke buga waya kwana uku kafin ya kawo ziyarar bazata, ya riga ya leƙa kamfanin, ya sha gahawa, ya ce komai lafiya.

Mai goge gilashin sunanta Dilfuza. Daga Uzbekistan aka kawo ta da wasu mata, ta kusa sa'ar mahaifiyata, wata takwas ke nan tana jan bokiti a benenmu. A makonta na farko na tambaye ta ko za ta sha gahawa. Ta gyaɗa kai sama da ƙasa. Na ce to, ba ta so, na shanye abina. Kwana uku muna haka, tana gyaɗa kai ina shanyewa, kafin na gane baiwar Allah "e" take nufi. Sai na zaunar da ita na yi mata karatu.

"Yaya Dilfuza, nan Bulgeriya ne. In kina nufin e, ki girgiza kai hagu da dama. In kina nufin a'a, ki gyaɗa shi sama da ƙasa. Sauran duniya ce ta juya abin, mu a daidai muke."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta koya. Daga ranar take kirana Malam. Ni da malaman makarantarmu suka yi walima ranar da na tafi, ga ni da ɗaliba guda, kuma ta fi kowa hazaƙa.

Yanzu ga inda kunyata take. Sati uku da suka wuce muna cin burodi a bayan kicin, ta ce mini ƙarshen watan nan za a yi bikin 'yarta, kuma fasfonta yana hannun Stamen, shugabansu a kamfanin shara. Ta roƙe shi sau biyar, kullum sai ya ce an ajiye mata ne don kada ya ɓata, za a duba. Ni na san wannan ajiyar. A gonar Ingila mutumin da ya kai mu ya ajiye mana takardunmu a aljihun motarsa, don kada su ɓata, kuma ba su ɓata ba, mu ne muka ɓata wata biyar. Na san abin sarai. Me na ce mata? Na ce, "Zai ba ki, Yaya, kada ki damu." Na ci gaba da tauna burodina a ƙarƙashin hoton manomin gahawa.

Ranar Talata aka turo mai bincike daga Landan, wata doguwar mata mai suna Madam Holt, mai takalmin tafiya da jakar goyo. Dokarta ita ce in za ta gana da ƙananan ma'aikata, babu wani babba da zai zauna a ɗakin. Lauyoyi talatin masu Turanci kamar ruwa, duk aka ce su tsaya waje. Wa ya rage da zai yi tafinta? Ni, da Turancina na gona, wanda rabinsa kwando ne da "yi sauri" da "ruwa ya sauko".

Muka zauna mu uku a ƙaramin ɗakin taro. Ƙofar ɗakin nan ba ta rufuwa ruf, shekara guda ana cewa za a gyara. Ta tsagar ƙasa ina hango bakin takalmin Stamen. Ba ya ganinmu, amma ko numfashi muka ja yana ji. Dilfuza ma ta ga takalmin.

Madam ta karanta tambaya, na juya ta zuwa harshenmu: "Shin akwai wanda ya karɓe fasfonki ya riƙe?"

Dilfuza ta dubi ƙofa. Ta dube ni. Ba ta buɗe baki ba. Sai ta girgiza kai a hankali, hagu da dama, tsaf, kamar wadda aka haifa a Plovdiv.

Madam ta ce, "A'a. Madalla." Ta ja layi a takarda.

"Shin ana hana ki tafiya gida idan kina so?"

Ta sake girgizawa, wannan karon har ɗan kwalinta ya zame.

"A'a. Madalla."

Jama'a, ina zaune. Bakina yana nan inda Allah ya ajiye shi, harshe yana ciki, babu abin da ya same shi. Amma Stamen surukin wani ne a hawa na bakwai, inda manyan ofis ke zama, ni kuma saura wata ɗaya in cika shekara a wuri guda, karo na farko a rayuwata. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk unguwa cewa ɗanta yana harkar shari'a. Sai na duƙar da kai ina nazarin igiyar takalmina, kamar yau na fara ganinta.

Da muka fito, Dilfuza ta ɗauki bokitinta, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, na yi daidai yadda ka koya mini?"

Da azahar aka yanka kek, murnar bincike ya wanke ofishinmu. Babban mai ofis, Ranka-ya-daɗe na hawa na bakwai, ya yi jawabi a kan 'yancin ɗan Adam har sakatariyar mataimaki ta share hawaye. Ni ma na ci kek ɗin, yanka biyu, don ku san irin mutumin da kuke karantawa.

Da yamma na ba Inna Tsonka labari, ina fatan ta ce mini ba laifina ba ne. Matar nan shekara talatin ta yi a masaƙa, ba ta da lokacin lallashi.

"Tsaya in gane. An yi mata tambaya da baki, ta ba da amsa da kai."

"Haka ne, Inna."

"Kai kuma an ajiye ka don fassara."

"Fassarar magana, Inna. Ita ba ta yi magana ba."

"Kai, rufe mini baki! Kai da tun kana cikin zanen goyo bakinka bai taɓa hutawa ba, sai ranar da aka buƙace shi? Ungo barkonon nan ka ɓare, ko hannunka ya yi amfani."

Washegari da safe na tare Madam Holt a lifta. Daga hawa na ɗaya zuwa na bakwai lokaci kaɗan ne, Turancina kuma ya gudu ya bar ni. Sai na koma ga abin da na iya. Na girgiza kai na ce mata e. Na gyaɗa kai na ce mata a'a. Na sake, na sake. A hawa na uku ta tambaye ni ko wuyana ke ciwo. A hawa na biyar na ce, "Bulgeriya, Madam! Dilfuza! Fasfo!" A hawa na shida sai na ga fuskarta ta sauya. Ta zaro takardar jiya ta dubi layukan da ta ja, guda tara a jere. Lifta ta buɗe, ba ta fita ba, ta danna ƙasa.

Ta samu Dilfuza tana goge madubi, ta ja hannunta zuwa banɗakin mata, wuri ɗaya tak a benen nan da takalmin Stamen ba zai iya tsayawa ba. Ba su nemi tafinta ba. Da waya suka yi ta fassara wa juna, minti arba'in.

A nan dole in yaba wa lauyoyi, kuma ba da gatse ba. In suka ga dama, sun iya aiki. Wasiƙa ɗaya suka rubuta, shafi guda, ni na kai ta kamfanin shara a keke. Kafin awa biyu aka ce in koma in karɓo saƙo. Stamen ya miƙo mini leda ta gidan burodi ba tare da ya dubi idona ba. Fasfo goma sha ɗaya ne a ciki, an ɗaure su da robar gashi. Abin da kwamiti da mataimaki da ƙyalle da tambayoyi arba'in da shida ba su gano ba cikin wata huɗu, ashe yana nan titi uku daga ofishinmu, a cikin durowa. Dilfuza ta buɗe nata ta daɗe tana kallon hoton kanta, sannan ta cusa shi cikin rigarta. Jibi Asabar jirginta zai tashi. Sauran matan kuwa, kwamiti ya ce zai zauna a kan makomarsu, kuma ina roƙonku ku riƙa tambaya, don na ga yadda kwamitin nan ke zama.

Yau da safe Ranka-ya-daɗe ya kira ni sama. Mai Girma Shugaban Kwamiti yana gefe da biro. Aka fara karanta mini sanarwar da za a aika Landan, wai ingantaccen tsarin binciken ofishinmu ya bankaɗo wata ɓaraka. Sannan aka zo kan wanda ya jawo kuskuren ranar Talata, aka ce tafinta ne. Ban yi musu ba, don wannan ce gaskiya ta farko da na ji an faɗa a hawan nan.

Ranka-ya-daɗe ya cire tabarau ya dube ni.

"Radko, gaya mini tsakaninka da Allah. Kana son ci gaba da aiki a nan?"

Na tuna mahaifiyata da harkar shari'a. Na girgiza kai da iyakar ƙarfina, hagu da dama, har wuyana ya yi ƙara.

"To," in ji shi, "tunda kai da kanka ka ce a'a."

Shugaban Kwamiti ya rubuta cewa na ajiye aiki don raɗin kaina. Takardar ma a buge take, sa hannu kawai ya rage. Ranka-ya-daɗen nan, jama'a, a wani ƙauye kusa da Pleven aka haife shi, kakarsa da girgiza kai ta amince da auren kakansa. Shekara goma sha biyu kawai ya yi a Landan. Har yanzu na kasa ganewa, zaman can ne ya juya masa wuya, ko kuwa dai ƙwararren lauya ne.

Ina cikin ba Inna Tsonka wannan labari ta karɓi shukar ta ƙura mata ido, ta ce shukar tana son ruwa, ni ma haka. Ta tambaye ni ko zan ci barkono da cuku. Na buɗe baki na ce mata e, da ƙarfi, har tattabarun kan rufi suka tashi.

Saboda haka duk mai neman matashi mai keke, wanda ya san lungunan Sofiya kuma ya taɓa koyarwa, ina nan a kan benci. Sai dai in za ku yi mini tambaya, ku jira amsa daga baki. Wuyan nan nawa na ba shi hutun dole.